Fursunan yaƙi ne ko mai laifi? Matsayin wanda soja ya kama a idon doka

Duk wanda ya taɓa wucewa da hantsi ta ƙofar gidan yari a garuruwanmu na jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ya san wannan layin: mata zaune a gindin katanga, kowace da kwanon abinci ɗaure cikin ɗankwali, wasu da goyo a baya, suna jiran a kira su. Wata tsohuwa daga wani ƙauyen bakin iyaka ta taɓa sauka a unguwarmu na tsawon watanni domin ta riƙa bin wannan layi, saboda an kwashe ɗanta cikin wani samame bayan harin da aka kai kusa da ƙauyensu. Wata rana da yamma ta tare ni a zaure ta ce, "Ɗana, kai da ka yi karatun zamani, gaya mini. In yaƙi ne ya ci shi, yaushe yaƙin zai ƙare a sako mini shi? In kuwa laifi ya yi, me ya hana a kai shi gaban alƙali a faɗa mana laifin?" Na ce mata, "Inna, ki ba ni lokaci in bincika." Daga baya na fahimci cewa tambayar da ta yi, ita ce dai wadda manyan alƙalan duniya suka yi shekaru suna ja-in-ja a kanta, domin doka ma hanyoyi biyun nan ta sani, kuma yawancin mutanen da ake tsare da su a yaƙe-yaƙen zamaninmu sun faɗa ne tsakanin hanyoyin biyu.

Hanya ta farko ita ce ta fursunan yaƙi. Yarjejeniyar Janeba ta uku, wadda aka sa wa hannu a ranar 12 ga Agusta 1949, ta ɗauki sojan da abokan gaba suka kama a matsayin mutumin da bai aikata laifi ba don kawai ya yi yaƙi. Ana tsare shi ne domin kada ya koma fagen fama, saboda haka ba a yi masa shari'a a kan harbin da ya yi wa sojan abokan gaba, sai fa idan ya aikata ta'asa irin ta kashe farar hula ko kashe wanda ya miƙa wuya. Abin da ya wajaba ya faɗa idan an tambaye shi bai wuce sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja ba. Dole a rubuta sunansa, a bar wakilan Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa su ziyarce shi, a bar shi ya aika wa iyalinsa wasiƙa, kuma sashe na 118 ya ce da zarar an daina gwabzawa a sake shi ya koma gida ba tare da jinkiri ba. Mutanen Chadi sun ga irin wannan da idonsu: sojojin Libiya da aka kama a Wadi Dum a 1987, cikinsu har da Khalifa Haftar wanda a lokacin kanar ne, fursunonin yaƙi ne a cikakkiyar ma'anar kalmar, domin sojojin wata ƙasa ne da suka faɗa hannun wata ƙasa. Mu Musulmi ma wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda mun tashi muna jin yadda aka yi da fursunonin Badar, inda wasu suka fanshi kansu da dukiya, wasu kuma da koya wa yaran Madina rubutu.

Hanya ta biyu ita ce ta wanda ake zargi da laifi. Shi kuma ana gaya masa abin da ake tuhumarsa da shi, a kai shi gaban alƙali cikin ƙayyadadden lokaci, ya sami lauya, ya ga shaidun da ake kawowa a kansa, sannan a hukunta shi ko a sallame shi. Tsarewarsa tana da iyaka, domin ko an same shi da laifi ya san adadin shekarunsa.

Waɗanda suka rubuta yarjejeniyar 1949 sun hango cewa za a riƙa kama mutanen da ba a san ko su waye ba, shi ya sa suka sa sashe na 5, wanda shi ne tushen kwamitocin soja masu tantance ko wanda aka kama mayaƙi ne ko a'a. Sashen ya ce idan aka yi shakkar matsayin wanda aka kama, to a ci gaba da ba shi kariyar fursunan yaƙi har sai wata kotu da ta cancanta ta zauna ta tantance. Amurka da kanta ta yi aiki da wannan sashe a yaƙin Tekun Fasha na 1991, inda ta yi irin wannan zama kusan sau 1,200, kuma sakamakon yana da ban mamaki: mutum 310 ne kawai aka samu fursunonin yaƙi ne, sauran 886 farar hula ne da yaƙi ya rutsa da su. Wato cikin duk mutum huɗu da aka yi shakka a kansu, kusan uku ba su da hannu a komai. Duk mai son ya fahimci amfanin tantancewa ya riƙe wannan lissafi a ransa.

Matsalar ita ce matsayin fursunan yaƙi na yaƙi ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Yaƙin da ake yi da Boko Haram a yankunan Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari na Kamaru da tsibiran Tafkin Chadi, yaƙi ne tsakanin hukuma da ƙungiya mai ɗauke da makami, kuma a irinsa babu wanda doka ta ba lasisin harbin soja. Wanda aka kama da bindiga ana iya gurfanar da shi bisa dokar ƙasa. Abin da ya rage masa na kariya shi ne sashe na 3 da ke cikin dukkan yarjejeniyoyin Janeba guda huɗu, wanda ya haramta kisa da azabtarwa da wulaƙanci da yanke hukunci ba tare da kotun da aka kafa bisa ƙa'ida ba, sai kuma ƙarin yarjejeniya ta biyu ta 1977 wadda Kamaru da Chadi duk sun amince da ita. Amma waɗannan ba su fayyace dalilin da zai sa a tsare mutum ba tare da tuhuma ba, ba su faɗi wanda zai duba lamarinsa ba, ba su kuma faɗi bayan wata nawa za a sake dubawa ba. A wannan gurbi ne ɗan tsohuwar nan ya faɗa, kuma a cikinsa ne Amurka ta gina Gwantanamo.

An buɗe sansanin ne a ranar 11 ga Janairu 2002 a wani yanki na tsibirin Kuba da ke hannun sojan ruwan Amurka, kuma kimanin mutum 780 ne suka ratsa ta cikinsa. A watan Fabrairun wannan shekara gwamnatin George Bush ta yanke cewa 'yan Alƙa'ida da 'yan Taliban da aka kama ba su cancanci matsayin fursunan yaƙi ba, ta yi wannan hukunci a dunƙule, ba tare da ta zaunar da kotun sashe na 5 a kan ko mutum ɗaya ba. Ta kira su mayaƙan abokan gaba, ta ce tana da ikon riƙe su har yaƙi ya ƙare kamar fursunonin yaƙi, amma ba za ta ba su haƙƙoƙin fursunonin ba, kuma ba sai ta tuhume su kamar masu laifi ba. An zaɓi wurin ne da tunanin cewa hannun kotunan Amurka ba zai kai can ba. Alhali da yawansu ba sojan Amurka ne ya kama su a fagen fama ba, miƙa su aka yi daga Pakistan da Afganistan a lokacin da ake watsa takardun alkawarin kuɗi ga duk wanda ya kawo ɗan ta'adda.

A ranar 28 ga Yuni 2004 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci biyu, a shari'ar Rasul da ta Hamdi. Ta ce kotunan ƙasar suna da hurumin sauraron ƙarar mutanen Gwantanamo, ta kuma ce ɗan ƙasa da aka tsare da sunan mayaƙi dole a gaya masa dalili, a ba shi damar kare kansa gaban wanda ba shi da ɓangare. Kwana tara kacal bayan haka ma'aikatar tsaro ta kafa kwamitocin tantance matsayin mayaƙa. Yadda aka tsara su ne ya kamata mu duba da kyau, domin a nan ake gane bambancin tantancewa ta gaskiya da ta cika ƙa'ida.

Hafsoshin soja uku ne ke zama. Wanda ake tsare da shi ba shi da lauya, sai wani hafsa da ake kira wakilinsa, wanda ba lauya ba ne, kuma duk abin da aka gaya masa yana iya kai wa kwamitin. Mafi yawan hujjojin na sirri ne, ba a nuna wa mutumin, sai a karanta masa taƙaitaccen bayani a ce ya kare kansa. Yana iya neman shaida, amma sai wanda kwamitin ya ga samunsa ba wuya, kuma mutumin da ke Kuba a ɗaure, shaidunsa suna wani ƙauye a Yaman ko Afganistan, an san inda maganar za ta ƙare. Ƙa'idar da kanta ta ce a ɗauka hujjar gwamnati gaskiya ce sai an nuna akasin haka, ba ta kuma hana karɓar bayanin da aka samu ta hanyar matsi ba. Tsakanin 2004 da 2005 an duba mutum 558, aka tabbatar da 520 a matsayin mayaƙa, 38 kawai aka ce ba mayaƙa ba ne. A 2007 wani laftanar kanar mai suna Stephen Abraham, wanda ya yi aiki a cikin tsarin, ya ba da shaida a rubuce cewa bayanan da ake kawo musu ba su da tushe mai ƙarfi, kuma lokacin da kwamitinsa ya ce babu hujjar tsare wani mutum, sai aka matsa musu su sake zama. Hausawa suna da kalmar wannan hali: su ne wuƙa, su ne nama.

Labarin Muhammad al-Gharani shi ya fi kusa da mu. Ɗan Chadi ne da aka haifa a Saudiyya, aka kama shi a Karachi a 2001 yana ɗan kimanin shekara 14, aka kai shi Gwantanamo, ya ci gaba da zama a can da sunan mayaƙi. Cikin zarge-zargen da aka yi masa har da cewa yana cikin wani gungun Alƙa'ida a Landan a 1998, lokacin da lissafi ya nuna shekararsa 11. Bai sami wanda zai tsaya ya yi wannan lissafi da muhimmanci ba sai bayan hukuncin Boumediene na 12 ga Yuni 2008, inda alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka ce kwamitocin soja ba za su maye gurbin haƙƙin mutum na a kawo shi gaban alƙali a binciki dalilin tsare shi ba. A watan Janairu 2009 alƙali Richard Leon ya duba fayil ɗin, ya ga cewa galibin zargin ya dogara ne da maganar wasu fursunoni biyu waɗanda jami'an gwamnati da kansu suke shakkar gaskiyarsu, ya ba da umarnin a sake shi. A watan Yunin wannan shekara aka sauke shi a Njamena, bayan fiye da shekara bakwai. Hujjar da ta riƙe shi duk tsawon wannan lokaci ba ta jure zama ɗaya gaban alƙali mai cin gashin kansa ba.

To, laifi tudu ne, kuma bai kamata mu taka namu mu tsaya hangen na Amurka ba. A nan akwai wani bambanci da mutane suke yawan ruɗewa a kansa. Kwamitin tantancewa ba ya hukunta kowa, aikinsa kawai ya ce a ci gaba da riƙe mutum ko a sake shi. Kotun soja kuwa shari'a take yi, tana ɗaurewa, tana yanke hukuncin kisa. Kamaru ba ta bi hanyar kwamitin tantancewa ba, ta bi hanyar kotu. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disamba 2014 ta miƙa dukkan laifuffukan ta'addanci ga kotunan soja, ko da wanda ake tuhuma farar hula ne, ta tanadi hukuncin kisa, ta kuma mayar da tsarewar bincike kwana 15 da ake iya sabuntawa, ba tare da ta faɗi sau nawa ba, alhali a laifin yau da kullum awa 48 ne kuma sabuntawarsa tana da iyaka. A takarda, wannan hanya ta fi ta Gwantanamo, tunda akwai tuhuma kuma akwai ranar hukunci. A aikace kuwa, tazarar da ke tsakanin ranar kamu da ranar ganin alƙali ita ce ramin da mutane suke ɓacewa a ciki.

Ban manta da tashin hankalin da wannan doka ta zo a cikinsa ba, kuma ba na so mai karatu ya manta. Mun binne mutanenmu bayan hare-haren ƙunar baƙin wake na Marwa a watan Yuli 2015, mun ga hare-haren da aka kai garuruwan Amchide da Kolofata da Fotokol, mun san sojan da ke tsaye a shinge da dare ba ya iya bambance manomi da ɗan leƙen asiri da ido. Kamu cikin shakka abu ne da yaƙi ke kawowa, kuma ba na zargin wanda ya yi shi cikin wannan hali. Abin da nake magana a kai shi ne abin da ya biyo bayan kamun, lokacin da ƙura ta lafa kuma akwai sararin tambaya. A watan Disamba 2014 an kwashe yara 84 daga makarantun allo a Guirvidig, wasu ba su wuce shekara biyar ba, aka riƙe su fiye da wata shida ba tare da tuhuma ba. A ƙauyukan Magdeme da Double, a ƙarshen wannan watan, an kama maza fiye da 200, hukuma da kanta ta amsa cewa 25 sun mutu a daren farko, kuma ƙungiyar Amnesty ta ce fiye da 130 ba a san inda suke ba. Rahoton da ƙungiyar ta fitar a 2016 ya ce kotun sojan Marwa ta yanke wa fiye da mutum 100 hukuncin kisa cikin kimanin shekara guda, sau da yawa bisa maganar masu kai rahoto da ba a bayyana su ba. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san abin da rahoton ɓoye yake iya ɗauka a cikinsa: rikicin gona, gabar aure, tsohon bashi, neman sarautar bulama. Masu sauraron rediyo kuma ba za su manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa a watan Yuli 2015, kotun soja a Yawunde ta ɗaure shi shekara 10 a Afrilu 2017, sannan a ɗaukaka ƙara aka rage hukuncin zuwa wata 24 aka sake shi a Disamba. Shi yana da gidan rediyon duniya a bayansa. Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta faɗa tun 2003, a ƙa'idojinta na shari'ar adalci, cewa kada kotun soja ta yi wa farar hula shari'a a kowane hali.

A Chadi lamarin ya ɗauki wata siffa. A watan Agusta 2015 an yanke wa mutum 10 hukuncin kisa a kan hare-haren Njamena, washegari aka harbe su, babu ratar da za a ɗaukaka ƙara. A 2020 ƙasar ta soke hukuncin kisa har ga laifin ta'addanci, kuma wannan abin yabo ne. Amma a wannan shekarar ce, bayan harin da Boko Haram ta kai sansanin soja na Bohoma a yankin Tafkin Chadi ranar 23 ga Maris da ya hallaka sojoji kusan 100, aka kawo mutum 58 Njamena, aka wayi gari ranar 16 ga Afrilu 44 daga cikinsu sun mutu a ɗakin da aka kulle su. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta danganta mutuwar da cunkoso da zafi da ƙishirwa da yunwa, wata ƙungiya mai zaman kanta kuma ta ce manoma ne da mutanen ƙauye. Sun mutu kafin kowa ya tantance ko su waye. A ɗaya gefen, mayaƙan ƙungiyar 'yan tawayen FACT da aka kama a faɗan Afrilu 2021, wanda a cikinsa shugaba Idriss Deby ya rasa ransa, jama'a suna kiransu fursunonin yaƙi, amma doka ba ta ɗauke su haka ba: a watan Maris 2023 kotu ta yi wa fiye da 400 ɗaurin rai da rai, bayan 'yan kwanaki shugaban riƙon ƙwarya ya yi wa 380 afuwa. Siyasa ce ta buɗe musu ƙofa, kuma manomin tsibiri ba shi da wanda zai yi ciniki a madadinsa.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 30 ga Nuwamba 2018 Kamaru ta kafa kwamitin karɓar makamai da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin al'umma, mai cibiyar yankinmu a Mora, kuma bayan mutuwar Shekau a 2021 ɗaruruwa sun fito daga daji sun miƙa wuya, aka sauke da yawa a Meri. Ina goyon bayan wannan shiri, domin duk abin da zai fito da mutum daga daji alheri ne. Sai dai sakamakonsa shi ne wanda ya amsa da bakinsa cewa ya riƙe bindiga yana samun wurin kwana da koyon sana'a, wanda kuma ya rantse cewa bai taɓa riƙewa ba yana iya shafe shekaru yana jiran ranar shari'a. Mutanen ƙauye suna ganin wannan, suna kuma yin nasu lissafin.

Abin da ake buƙata ba sabon abu ba ne, kuma ba ya hana soja aikinsa. Yarjejeniyar Janeba ta huɗu ta riga ta tanadi cewa farar hular da aka tsare saboda tsaro a sake duba lamarinsa aƙalla sau biyu a shekara, kuma Red Cross ta daɗe tana kira a yi amfani da wannan ma'auni a yaƙin cikin gida. A rubuta sunan duk wanda aka kama a ranar da aka kama shi, da wurin da aka ajiye shi, a sanar da iyalinsa. A gaya masa dalili cikin harshen da yake ji, ko Kanuri ne ko Mafa ko Fulfulde ko Larabcin Shuwa ko Hausa, domin mutumin da aka karanta wa tuhuma da Faransanci ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba, ba a gaya masa komai ba. Mai dubawa ya kasance ba ya ƙarƙashin wanda ya yi kamun, ya kuma kasance yana da ikon cewa a saki a kuma saki, domin darasin Gwantanamo ke nan. Dokar shari'ar laifuka ta Kamaru ta 2005 ma ta tanadi haƙƙin neman alƙali ya binciki tsarewar da ba ta bisa ƙa'ida, sai dai kafin iyali su yi amfani da shi sai sun san inda mutuminsu yake, sun kuma sami kuɗin lauya.

Wannan na ƙarshe shi ne abin da na iya gaya wa tsohuwar da na koma wurinta. Ta saurare ni har na gama, ta tambayi ko nawa lauya yake karɓa, na faɗa mata abin da na ji ana biya. Ta kwance bakin zanenta ta ƙirga 'yan sefar da ke ciki, ta mayar ta ɗaure, ta ce damina ta kusa, kuma babu wanda zai share mata gona.